Ciki ya cika, jiki na jin yunwa: fashin baƙi kan bitamin da miyar gidanmu

Akwai abin da tsofaffin ƙauye suka fi mu saurin ganewa. Yaro ya wuni yana guje-guje da tsaransa lafiya lau, amma da an kira magariba sai ka ga ya nemi jikin bango ya lafe. A miƙa masa kwanon tuwo ya riƙa lalube. A aike shi ɗaki ya yi karo da turmi. Sunan wannan dundumi, kuma tun kafin a san wani abu wai shi bitamin kakanninmu sun san maganinsa: a gasa hanta a ba shi. Ba su yi kuskure ba. Mutanen Masar na dā ma, shekaru fiye da 3,000 da suka wuce, sun rubuta hanta cikin magungunan wannan ciwo. Abin da likitancin zamani ya ƙaro shi ne sunan abin da ke cikin hantar, da wani labari mai tayar da hankali: yaron da ke lalube da magariba, ba idonsa kaɗai ke cikin haɗari ba, har da ransa.

Kafin mu kai can, ya kamata mu daidaita a kan abin da ake nufi da bitamin. Abincin da muke ci yana ɗauke da abubuwan da jiki ke buƙata da yawa, kamar garin hatsi mai ba da ƙarfi, da mai, da abin gina tsoka da ake samu a wake da nama. Sannan akwai waɗanda ake buƙata 'yan mitsi-mitsi, waɗanda in aka tara na yini guda ba za su cika bakin cokalin shayi ba, amma in babu su aikin jiki ya cije. Kamar gishiri ne a tukunyar miya: ba shi ke cika tukunyar ba, amma a rasa shi a gani. Wani masani ɗan ƙasar Polan, Casimir Funk, shi ya raɗa musu wannan suna a 1912 lokacin da yake aiki a Landan. Yau an san guda 13. Huɗu suna narkewa a cikin mai: A, D, E da K. Tara suna narkewa a ruwa: C da dangin B guda takwas.

Wannan rabe-raben yana da amfani a madafa. Masu narkewa a mai jiki yana da rumbun ajiye su, wato hanta da kitse, don haka abin da aka ci yau zai iya amfani bayan watanni, kuma in aka yi musu yawa suna taruwa su zama guba. Masu narkewa a ruwa kuwa kamar randa mai yoyo suke, kullum sai an ƙara, domin abin da ya yi saura fitsari ke tafiya da shi. B12 kaɗai ya fita zakka a cikinsu, shi hanta tana iya riƙe shi shekaru.

Zan fi daɗewa a kan bitamin A, saboda a ganina shi ne ya fi cin yaranmu ba tare da mun ankara ba.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani launi da ke karɓar haske idan gari ya yi duhu. Duk lokacin da haske ya taɓa shi yana warwarewa, sai jiki ya sake gina shi, kuma da bitamin A ake ginin. In babu, ido yana gani da rana, da dare ya gaza. Wannan shi ne dundumi, kuma shi ne gargaɗin farko. In aka yi sakaci, farin ido ya fara bushewa, ya daina sheƙi, wani lokaci a ga wani farin tabo a gefensa kamar kumfar sabulu. Daga nan bushewar ta kama fatar nan mai haske da ke rufe baƙin ido, ta yi gyambo, ta narke. Da zarar an kai nan, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara tsakanin 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa ta wannan hanya duk shekara, kuma rabinsu suna rasuwa cikin shekara guda bayan makantar.

Me ya haɗa makanta da mutuwa? Shi bitamin A, ban da ido, shi ke kula da laushin fatar da ta shimfiɗu a cikin hanji da maƙogwaro da huhu, wadda ita ce katangar farko tsakanin jiki da ƙwayoyin cuta, kuma yana taimakon ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. In ya yi ƙaranci katangar ta tsattsage. Gudawar da wani yaro zai yi kwana biyu ya miƙe, sai ta kwantar da wannan. Ƙyandar da wani zai yi ya warke, sai ta yi ajalin wannan. Wani likitan ido daga Amurka, Alfred Sommer, ya je Indunusiya don nazarin makantar yara, sai ya lura cewa yaran da ke da dundumi kaɗan ma sun fi sauran mutuwa. Ya gwada abin a ƙauyuka 450 na yankin Aceh, aka ba yaran wasu ƙauyukan bitamin A sau biyu a shekara. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna mace-macen yara ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka bayar. Da farko masana da dama sun ƙi yarda, don abin ya yi musu sauƙi da yawa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a wasu ƙasashe, har da Nepal da arewacin Ghana, sun tabbatar da cewa ragin gaskiya ne, ko da yake yawansa ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Daga wannan binciken ne aka samo 'yar ƙwayar nan mai kama da kifi da ma'aikatan lafiya ke yanke wa wutsiya su matsa wa yaro a baki. Shuɗiyar, mai awo 100,000, ta jarirai ce 'yan wata 6 zuwa 11. Jar, mai awo 200,000, ta yara ce daga shekara ɗaya zuwa biyar, kuma ana maimaitawa duk bayan wata huɗu zuwa shida. A Najeriya ana raba ta a makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake yi sau biyu a shekara, a Nijar ma an daɗe ana haɗa ta da zagayen rigakafi. Na sha jin iyaye suna cewa "ai yarona lafiyarsa ƙalau, me zai yi da magani". To, mai ƙarancin bitamin A yakan yi kama da mai lafiya har ranar da ƙyanda ta shigo unguwa. Ɗigo kaɗan ne, kyauta, ya cika rumbun hanta na watanni. Ban ga dalilin da zai sa a ɓoye yaro a ɗaki don gudun wannan ba.

Amma ƙwaya toshe ɓaraka ce kawai, ainihin gyaran yana cikin tukunya. Bitamin A yana zuwa ta hanya biyu. Akwai wanda ya riga ya haɗu, jiki ya karɓa kai tsaye, a hanta, gwaiduwar ƙwai, man shanu da nonon da ba a cire masa mai ba. Hanta ta fi kowa nesa ba kusa ba: yanka biyu ko uku a mako sun wadatar da ƙaramin yaro. Sannan akwai na tsirrai, wanda ake kira karotin, shi ne launin ruwan ɗorawa da ke cikin karas, kabewa, nunannen mangwaro, gwanda da manja, kuma yana ɓoye a ƙarƙashin koren zogale, alayyafo, rama, tafasa, lalo da ganyen kuka. Wannan sai jiki ya juya shi kafin ya zama bitamin A, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo. A nan nake jinjina wa wadda ta fara kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Ba ta karanta wannan a littafi ba, amma ta haɗa ganyen da ainihin abin da zai shigar da shi jini. Ganyen da aka dafa tsurarsa babu ɗigon mai, da yawa daga amfaninsa wucewa yake yi.

Ga kuma inda muke yi wa kanmu asara. Manja na cikin abubuwan da suka fi komai yawan karotin a duniyar tsirrai, kuma jan launinsa shi ne shaidar. Sai uwargida ta ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi, ya koɗe ya zama kamar man gyaɗa, wai don a kashe masa gafi. Jan da ya tafi, bitamin ne ya tafi. Haka shanyar ganye: kuka ko zogalen da aka baza a tsakiyar rana har ya yi fari-fari ya yi asarar abin da wanda aka shanya a inuwa ya riƙe. Duba garin kuka a kasuwa, wanda ya fi kore shar shi ya fi amfani. Sannan dakashi, nonon farko mai kauri da rawaya da ke zuwa a kwanakin farko bayan haihuwa, wanda har yanzu a wasu gidaje ake matsewa a zubar wai ba shi da kyau. Rawayar tasa ta karotin ce, kuma cike yake da bitamin A da garkuwar jiki. Jariri yana zuwa duniya da rumbunsa kusan wayam, dakashi ne zubin farko.

Gwamnati ma ta shigo ta ƙofar kasuwa. Tun 2002 doka ta wajabta wa masana'antu a Najeriya zuba bitamin A a man girki, sukari, fulawa da garin masara, kuma alamar ido da ake gani a jikin buhu ko galan ita ce shaidar haka. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Talaka ba galan yake saye ba, awo yake yi a kwalba ko a ƙulla masa a leda, daga man da ya wuni a rana a bakin titi, kuma hasken rana yana lalata bitamin A. Tuwonsa kuma daga hatsin gonarsa ne da ya kai inji, bai bi ta masana'anta ba. Shi ya sa masu binciken noma suka bi ta wajen iri: a 2011 aka fitar da rogo mai rawayan ciki, aikin cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan tare da cibiyar binciken saiwoyi da ke Umudike a Jihar Abiya, daga baya aka kawo masara mai ruwan lemo da dankalin Hausa mai ruwan lemo a ciki. Dankalin nan ya cancanci a ba shi wuri a fadamunmu, don yara suna son zaƙinsa, kuma matsakaici guda ɗaya yana biyan buƙatar yaro ta yini.

Gargaɗi ɗaya kafin mu bar A: mai juna biyu ba ta shan jar ƙwayar nan ta yara, kuma kada ta mayar da hanta abincin kullum, domin yawansa a farkon ciki yana iya illata halittar ɗan tayi. Na ganye da 'ya'yan itace ba shi da wannan matsala, jiki yana juya iya abin da yake so ne kawai. In mai ciki ta fara dundumi, wanda yakan faru a watannin ƙarshe, ta faɗa a wajen awo, akwai ɗan ƙaramin adadi na bitamin A da ake ba ta.

Dangin B labarinsu labarin dusa ne. Aikinsu mafi girma shi ne taimaka wa jiki ya fitar da ƙarfi daga tuwon da aka ci, da kula da jijiyoyi da jini. A ƙwayar hatsi, yawancinsu suna zaune ne a ɓawon waje da ɗan idon tsiro, wato daidai abin da surfe ke cirewa. Muna surfa gero da dawa da masara tas, mu wanke, mu ba tumaki dusar su yi ƙiba, mu kuma mu ci farin. A tsibirin Java na Indunusiya, a shekarun 1890, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafar da aka goge suna shanyewar ƙafa, in aka mayar da su kan shinkafa mai dusa su miƙe. Ciwon da ke kama mutane ke nan, beriberi, wanda ke kawo kasala, mutuwar ƙafafu, kumburi da gazawar zuciya, kuma rashin B1 ne ke haddasa shi. A nan shinkafarmu ta gida ta yi sa'a. Gumin da matan Kura da Kebbi suke yi, a jiƙa shanshera a turara ta kafin a casa, yana tura bitamin daga ɓawo zuwa cikin ƙwayar, don haka ko an casa wani kaso mai yawa yana nan. Shinkafar da ake raina wa launi ta fi fara sol ɗin nan amfani a jiki.

Masara kuwa tana da nata sirri. Tana da B3, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance shi. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, suna dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa, wanda ke kwance shi. Da Turawa suka ɗauko masara suka baro dabarar a can, sai wani ciwo ya ɓarke a Sifaniya da Italiya, daga baya kudancin Amurka: fata ta yi baƙi ta yi kaushi a duk inda rana ke duka, musamman wuya da bayan hannu, ga gudawa, ga rikicewar hankali. Sunansa felagara. An daɗe ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai da wani likita a Amurka, Joseph Goldberger, ya fara bincike a 1914 ya nuna abinci ne. Kuma ba tarihi ne da ya wuce ba. A 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, an samu tsaiko wajen raba gyaɗa, aka bar mutane da garin masara, kusan mutum 18,000 suka kamu. Gyaɗa ce kawai ta yanke. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga yadda masara ke ture gero a gonakinmu, da yadda 'yan gudun hijira a yankinmu ke rayuwa a kan tuwon masara safe da dare. Miyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, wake da ɗan kifi busasshe su ne ke tsare mai cin masara.

Dole in taɓo kanwa, ko da ran wasu zai sosu. Muna jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a miyar kuɓewa da ta kuka don yauƙi, a ganye don ya riƙe korensa. Gaskiya tana rage cin itace, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen gawayi. Amma kanwa tana lalata B1 da B2 da bitamin C. Jiƙa wake tun dare yana yin aikin da kanwa ke yi ba tare da wannan asara ba. In ba za a iya barinta ba, a rage. Haka tafasa ganye a tsiyaye ruwan a zubar, a sake tafasawa: masu narkewa a ruwa suna cikin ruwan da aka malalar a rariya.

B2 yana da alamar da kowa ya sani: tsagewar gefen baki da jan harshe, wanda ake yawan gani ga yara da almajirai lokacin rani. Nono da kindirmo da ƙwai su ne maganinsa. B6 kuwa ya shafi masu shan maganin tarin fuka, domin ɗaya daga cikin magungunan, isoniazid, yana rage shi har ƙafafu su riƙa zugi, shi ya sa ake haɗa musu da 'yar ƙwayarsa.

B9, wanda aka fi sani da folik asid, yana da wani lissafin lokaci da ya kamata kowace amarya ta sani. Laka da ƙwaƙwalwar jariri suna farawa ne kamar tabarmar da ake naɗewa, kuma naɗin yana kammala cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. In folik asid bai isa ba a waɗannan kwanaki, naɗin yana iya ƙin rufewa, a haifi jariri da ƙari a gadon baya ko ƙwaƙwalwar da ba ta cika ba. Matanmu kuwa, saboda kunya da al'adar ɓoye ƙaramin ciki, sai wata biyar ko shida suke fara zuwa awo. A lokacin ƙwayar tana da amfani ga jini, amma ƙofar kare laka ta riga ta rufe. Shawarar likitoci ita ce mace mai shirin ɗaukar ciki ta fara shan maikurogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga, ta ci gaba da shi tare da ƙwayar ƙarin jini har ta haihu. Ganye, wake, gyaɗa da hanta suna da shi. Masu ciwon sikila ma ana ba su shi kullum, saboda jikinsu yana ƙera sabon jini ba hutawa.

B12 a abincin da ke fitowa daga dabbobi kaɗai ake samunsa: nama, kifi, ƙwai, nono. Gidan da sai salla-salla ake ganin nama, kuma nono ya yi tsada, yana cikin haɗari ko da ganye ya wadata. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, da mantuwa. Tsofaffi sun fi kamuwa saboda cikinsu ya rage tsotsa, sai kuma masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin. Da yawa ana cewa tsufa ne ko sanyi, alhali abu ne da gwajin jini zai nuna, allura ta gyara, in ba a bari jijiya ta mutu ba.

Bitamin C ba zan ja shi da tsawo ba, don Allah ya hore mana shi. Shi ke ɗinke nama, ya warkar da rauni, ya riƙe dasashi. Matuƙan jiragen ruwan Turawa da ke watanni babu ɗanyen abu, dasashinsu yakan kumbura ya riƙa jini har haƙora su zube, sai da wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada lemo a kan wasu daga cikin majiyyata 12 a 1747 aka ga bambanci cikin kwanaki. Mu muna da gwaba, wadda ta ninka lemon zaƙi kusan sau huɗu, ga garin 'ya'yan kuka da ake dama kwalba da nono, ga tattasai, tumatir, lemon tsami da yazawa. Wuta da daɗewa suna kashe shi, don haka ɗanye ya fi. Babban amfaninsa da ba a cika faɗa ba shi ne yana taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Matsa lemon tsami a kan kwaɗo yana ƙara jini. Kora abinci da baƙin shayi mai kauri kuwa akasin haka yake yi, gara a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu.

Bitamin D fata ce ke ƙera shi idan rana ta taɓa ta, kuma aikinsa shigar da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, cikin ƙashin. A littattafan Turai, yaro mai gwame ko ƙafar baka, mai kumburarren wuyan hannu, ana cewa rashin D ne. To ta yaya za a samu irin waɗannan yara da yawa a ƙasar da rana ke ƙona ƙeya? Wani bincike da aka yi a Jos, wanda aka buga a 1999 ƙarƙashin jagorancin Tom Thacher, ya amsa wannan. An raba yara 123 masu lanƙwasar ƙashi gida uku, aka ba wasu bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun. Waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa. Ashe abin da yaran suka rasa shi ne nono da makamantansa, domin bayan yaye sun koma kan kunu da tuwo zalla. Saboda haka uwar da ta ga ƙafar ɗanta tana lanƙwashewa kada ta tsaya sayen ruwan bitamin a kemis, ta kai shi a duba. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da ganyen kuka da zogale duk suna da kalsiyam. Duk da haka rashin D yana nan a tsakaninmu, musamman ga matan da ke wuni a cikin ɗaki da ma'aikatan da ke fita daga mota su shiga ofis. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Zama a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, ya isa ga yawancin mutane, ba sai an fita waje ba.

Bitamin E yana cikin gyaɗa, riɗi da man girki, kuma da wuya a rasa shi.

K ne nake so iyaye maza su saurara da kyau. Shi ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Babba yana samunsa a ganye, amma jariri ana haihuwarsa da kaɗan ƙwarai, nonon uwa ma ba shi da shi da yawa. Shi ya sa a asibiti ake yi wa jariri allura guda a cinya da zarar an haife shi. Lokacin da jinin jariri ya fi rauni wajen daskarewa shi ne tsakanin kwana biyu zuwa bakwai. Yanzu a tuna abin da ke faruwa a gidajenmu a daidai waɗannan kwanaki: wanzami ya zo da askarsa, a cire beli, a yi tsaga, a yi aski ranar suna, wasu har kaciya. Jaririn da aka haifa a gida, bai samu allurar ba, aka sa masa aska a maƙogwaro a kwana na uku, zai iya zubar da jinin da ba ya tsayawa. Cire beli ba shi da wani amfani ga lafiya, likitoci sun daɗe suna faɗa. Wanda aka haifa a gida kuma, a kai shi asibiti a ranar ko washegari, a karɓi allurar K tare da rigakafin farko.

Na san abin da wani zai ce: duk wannan lissafi na mai hali ne, ƙwai ya yi tsada, nama sai kallo. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan ba. Idan kuɗi ya yi kaɗan, miya ce ke fara ramewa, tuwon ya tsaya yadda yake, ciki ya cika, jiki ya ci gaba da jin yunwar da ba ta kuka. Amma akwai abin da bai shafi kuɗi ba. A gidaje da yawa in an samu ɗan nama, kwanon maigida ne ke samun tsoka da hanta, yaro ɗan shekara biyu da mai shayarwa su samu romo. Lissafin jiki kuwa a juye yake, su ne suka fi buƙata. Tsinken tsiren hanta ɗaya da uba zai ci a tsaye a bakin titi, in ya ƙunso shi ya kawo gida, ya biya wa ƙaramin ɗansa buƙatar kwanaki. Zogale biyu a bayan ɗaki, da ruwan wanke-wanke ake raya su. Kuɗin da ake kashewa a kemis kan kwalaben "ƙarin jini" da allurar bitamin don an ji kasala, sau da yawa ya fi kuɗin ƙwai da gwaba na mako guda. Rawayan fitsarin da ake gani bayan an sha, har a ce magani ya kama, B2 ne da jiki bai buƙata ba yake fita. Mafi muni su ne magungunan ƙiba da 'yan mata ke sha da sunan bitamin, waɗanda wasunsu maganin buɗe ciki ne mai sa barci, wasu kuma masu kumbura jiki ne da ke jawo hawan jini da ciwon sukari. Kasalar da ta ƙi tafiya gwaji take so, don tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko wani ciwon daban.

Akwai lokaci guda da abinci ba ya isa, kuma jira ba shi da wuri: yaro mai ƙyanda. Ƙyanda tana ƙone bitamin A da ke jiki cikin 'yan kwanaki, kuma ta fi yawa da bazara, daidai lokacin da ganye ya yi wuya. Yaron da ya rufe ido ya ƙi kallon haske, ko aka ga baƙin idonsa ya yi hazo, idon yana iya lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a ɗiga masa ruwan ganye, ba a sa masa tozali, ba a kulle shi a ɗaki a jira ƙurajen su gama fitowa. A asibiti ana ba duk yaro mai ƙyanda bitamin A ranar da aka gan shi, a sake ba shi washegari, in kuma idon ya riga ya nuna alama a ƙara na uku bayan mako biyu zuwa huɗu.